Malam Maharazu, Mai Tare Ruwan Sama a Sheshe

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, ana dab da tsakiyar Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Maharazu Isiyaku na unguwar Sheshe, bayan jinyar sati uku. Shekararsa saba'in da huɗu. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓa, mu ma wurinSa muka nufa.

Malam, ni ba na cikin abokanka, kuma ba zan yi da'awar haka yau don ba ka nan ba. Maƙwabcinka ne kawai, Abdulbaqi mai jakunkunan fata a kasuwar Kurmi. Abin da na gani shi zan rubuta.

Ka yi shekara talatin kana aiki a gandun rainon itatuwa na gwamnati. Da ka yi ritaya, sai ka juya bakin duk indararon gidanka zuwa ciki. Ruwan farko, mai wanke dattin rufi, kakan bar shi ya tafi gindin gwaiba. Na bayansa ya shiga tanki. Abin da ya yi saura ya bi wata 'yar hanya ta tsakuwa zuwa wani kwari a tsakar gida, inda ka dasa zogale da lalle da lemon tsami. A watan Maris, lokacin da rijiyoyin lungunmu ke ƙafewa, taka tana da ruwa, kuma ba ka taɓa hana mai guga shiga ba.

A shekarar 2018 na yi wa tsakar gidana daɓen siminti, na ɗaga shi, na fasa kwata zuwa lungu. Ka tare ni a ƙofar masallaci bayan azahar.

"Alhaji, ruwan nan da ka kora, gidan wa ka aika shi?"

Na ce, "Malam, ruwan Allah ne, ya san hanyarsa."

Ka ce, "Ya sani kuwa. Hanyar tasa ta bayan ɗakin Baba 'Yardada ce."

Baba 'Yardada tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli, gidanta ginin ƙasa ne, yana gangaren nawa. Na ji haushin yadda ka yi maganar a gaban mutane, don kai ba ka iya sakaya zance ba. Na yi wata biyu ba na gaishe ka.

Wata Juma'a cikin Agusta aka yini ana ruwa. Wajen ƙarfe huɗu bangon ɗakinta ya rufta. Allah Ya sa tana zaure tana kwashe farantin ƙulinta. Awakinta biyu da suka fake a jikin bangon ba su fita ba. Na tsaya cikin masu jaje, kowa kuwa ya san ta inda ruwan ya biyo.

Washegari da safe ka yi sallama riƙe da diga da shebur. Na zaci gori ka zo yi. Abin da ka ce kawai, "Ka ba ni taku uku a tsakiyar gidan, nesa da gini." Ka fasa simintin da hannunka, muka haƙa rami har ƙirji, ka zuba fasassun bulo, ka bi da tsakuwa da yashi, ka dasa jema a kewaye, waccan ciyawar mai dogon saiwa. Maiɗakina Hajiya Sa'ida ta ce daga ɗaki ita fa tana tsoron sauro. Ka ce, "Hajiya, in ruwa ya kwana biyu bai shanye ba, ki aiko in zo in cike ramin da kaina." Damina shida ke nan ba ta aika ba. Na sake gina wa Baba ɗakinta, ta kuma yafe mini kafin rasuwarta. Kai kuwa ba ka ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa.

Daga nan aka riƙa kiranka gida-gida, har unguwar Shahuci. Ba ka karɓar ladan aiki. Abin da kake nema a ba ka ruwan sha, a kuma bar ka ka yi faɗanka a kan ledar da ake zubarwa tana toshe hanyar ruwa.

Ba ko'ina ka yi nasara ba. Tsohon kududdufin bayan unguwa, wanda ka yashe bakinsa ka zagaye da dashen darbejiya, magadan mai wurin suka yanke shawarar cike shi su yanka filaye. Ka je gun mai unguwa, ka bi magadan ɗaya bayan ɗaya kana yi musu bayanin inda ruwan zai koma. Suka saurare ka cikin ladabi, suka yi abin da suka yi niyya. Ranar da motocin ƙasa suka iso, ba ka ɗaga murya ba. Ka bi dashen kana tonowa da saiwarsu kana rabawa duk wanda ya yi alkawarin ban ruwa. Sai da ka gama ka zauna a kan bokiti, ka daɗe kana kallon ana juye ƙasa. Ban taɓa ganin ka zauna a wajen aiki ba sai ranar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Maimuna, da 'ya'yansa Muttaka da Ikram, da ƙaninsa Malam Lawal, da jama'ar Sheshe baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Maharazu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Mu da muka saɓa masa yana da gaskiya, Ka yafe mana, Ka kyautata namu zuwan. Amin.