Gawar Gwajin Ayuba Direba

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Idi mai faci na Sabon Gari, da furfurata da jikoki tara, sau uku ana ɗaukata a matsayin gawa daga Keffi a nufi bayan Garaku da ni, kuma da ƙafata na hau motar. A aji uku aka kore ni daga firamare, amma wannan wautar ko wanda bai taɓa leƙa aji ba ya fi ƙarfinta. Wanda ya sa ni kuwa kun san shi, marigayi Ayuba Direba, mai motar nan da unguwa take kira Bene saboda tsayinta.

Ku da kuka zauna da shi kun san ba ya gaida mai mota sai ya gaida motar. Zai zagaya ya tokari taya da ƙafa, ya kasa kunne, sannan ya miƙo maka hannu. In tayar ba ta yi masa ba, gaisuwar ma guntuwa za ka samu. Har faston cocinsu ya sha wannan. "Mota ƙafa ce," in ji shi. "Sauran duk kwalliya."

Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar ma'aikata. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, jif kamar ta kowa. Rasuwar wansa Yohanna ce ta juya masa kai. Su 'yan ƙabilar Mada, in babba ya rasu gida ake kai shi, a kwantar da shi kusa da iyayensa. Ƙauyen su Ayuba kuwa sai ka bar kwalta bayan Garaku, ka tsallake wani rafi marar gada. Yohanna ya rasu tsakiyar damina. Motar asibiti ta kafe a taɓon bakin rafin tun hantsi har la'asar, aka juyo da shi aka binne a nan Keffi.

Bayan sati guda Ayuba ya zo rumfata ya zauna kan tsohuwar taya.

"Idi, wana yana kwance cikin baƙi saboda ƙaramar taya."

Na ce, "Ƙasa duk ta Allah ce, Direba."

"Ta Allah ce, amma babana yana gefe guda a cikinta. Ni ba za a juyo da ni ba. Ko ruwa ya kai wuya sai na kwana a gida."

Na ce to ya roƙi Allah ya ɗauke shi da rani. Ya ce ya yi aikin gwamnati, ya san ba a zaɓar ranar taransifa.

A cikin gidansa aka yi aikin, wai don kada a saci fasaha. Bakanike ya ƙara sifirin, mai walda ya ɗaga bodi. Tayoyi kuwa har hanyar Abuja ya je ya samo guda huɗu na hannu, masu haƙora kamar na tarakta, kowace ta kai mini ƙugu. Ni na ɗaura su, kwana biyu bayana bai miƙe ba. Da aka sauke jak muka ja baya muna kallo. Matarsa, Maman Bulus, ta fito riƙe da ludayi, ta kalli motar, ta kalli get.

"Baban Bulus, ta ina za ta fita?"

Mu huɗu maza, babu wanda ya yi wannan tunanin. Akwai kankare a saman get ɗin, motar ta fi shi da kamu guda. Na ce a fasa kankaren. Ya ce da kuɗin giratutinsa na ritaya aka zuba shi, ba mai taɓawa. Na ce to in sace iskar tayoyin ta wuce. Ya ce motar da za ta durƙusa a ƙofar gidanta ba za ta tsaya a gaban rafi ba. Sai ya sa aka haƙe ƙasan get ɗin. Mota ta fita da girmanta, amma daga ranar duk mai shiga gidan da damina sai ya naɗe wando. Maman Bulus ta ce rafi ya yi masa nisa ne ya kawo nasa gida. Ya ce atisaye ne.

Hawa kuma sai da tsani. Maman Bulus ta rantse ba za ta hau tsani da zanin zumuntar matan coci ba, don haka kowace Lahadi shi yana gaba a Bene, ita tana baya a keke-napep.

Sai aka gano in ya karya sitiyari dama, taya na cin bodi tana kuka kamar akuya. Aka ce a yanke gefen bodin, ya ƙi. Ya daina juyawa dama kawai. In abin da yake nema yana hannun dama, hagu zai yi sau uku ya zagayo. Wata biyu yana haka, har ranar da na tuna masa cewa hanyar ƙauyensu a hannun dama take. Ya ce, "Kira mai walda."

Wata Asabar ya zo da tef ɗin tela, ya auna ni daga ka har dunduniya ina tsakiyar faci.

"Tsayinmu ɗaya, nauyinmu ɗaya. Gawar gwaji nake nema."

"Direba, ni fa musulmi ne."

"Taɓo bai san wannan ba."

Ya ce in mun isa ƙauye akwai sakwara da naman zabo. Ni kuwa cikina bai taɓa ba ni shawarar kirki ba.

Ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, na kwanta, ya lulluɓe ni da farin zanin gado. Doka ɗaya ce, gawa ba ta magana. A Garaku ya tsaya tokarin tayoyi, daidai inda wata mata take gasa masara. Ta ga farin zane ta taga.

"Ayya, sannu Baba. Wane ne?"

"Abokina ne, Idi. Mutumin kirki, sai dai kwaɗayi."

Ƙamshin masarar nan yana shiga mini hanci. Na daure, na daure, sai na ɗaga zane na ce, "A ba ni ɗaya mai laushi." Ban sake ganin matar ba, takalminta ɗaya dai na gani. Ayuba bai damu da ita ba. Ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Ka ɓata gwaji. Gawa ta motsa, nauyi ya canza." Muka juyo Keffi, babu zabo. A ƙofar rumfata ya leƙo ya ce, "Gawa, yaya hanya?" Na ce da yunwa.

Gwaji na biyu mun kai rafi. Ya shiga da gudu, tayoyi suna watsa laka, mota tana tsalle. Wajen haurawa ƙofar baya ta buɗe, na sulale ni da katakona na sauka cikin taɓo. Bai ji ba. Ya wuce ƙauye yana hon, ya tara dattawa, ya yi musu jawabin taya, ya buɗe baya don ya nuna musu gawa, babu gawa. Da ya dawo ya same ni zaune cikin laka da farin zanena, sai da ya fara tokarin taya tukuna.

"Gawa, yaya hanya?"

Na gaya masa abin da ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Gara da aka yi da kai. Da ni ne da an ji kunya."

Ranar ya sayi igiya da sakata. Ni kuma na ce masa gaskiyar sana'ata: taya mai taurin iska tsalle take a taɓo, sai an rage mata ta baje ta kama ƙasa. Ya ce durƙuso ke nan. Na ce raƙumi ma yana durƙusawa in za a ɗora masa kaya. Ya yarda, bisa sharaɗin kada kowa ya gani.

Gwaji na uku na rage iskar a bayan wata bishiya yana gadi, na hau ya ɗaure ni tam da igiya. Muka tsallake kamar a kan kwalta. Da ya buɗe ya yi tambayarsa, na ce har barci na yi. Bai yi dariya ba. Ya kwance ni, ya kai ni gindin wata ɗorawa a bayan gidansu, ya nuna mini kabarin babansa da ɗan filin da ke gefe. Sannan ya sa mini makullin mota a hannu.

"Ranar kai za ka tuƙa. Bulus ya iya mota, amma ta Abuja."

Ni da ban taɓa wuce giya biyu ba, iyakata in matsar da motar kwastoma daga rana zuwa inuwa. Na karɓa, don an riga an zuba sakwara.

Ya rasu cikin watan Agusta, bayan ruwan kwana uku. Kamar da gangan. Ɗansa Bulus ya zo daga Abuja da farar motar asibiti mai jiniya. Na nuna masa makulli, ya ja ni gefe.

"Baba Idi, don Allah. Abokan aikina za su zo. Ba zan sa babana a wannan abin ba."

Ban yi musu da maraya ba. Na je na tokari tayar motar asibitin, na kasa kunne, na wuce na tada Bene. Ina shirin fita sai ga Maman Bulus da zanin zumunta, ta kama tsani ta hau ba ta kalli kowa ba.

A bakin rafi direban motar asibiti ya sauka, ya kalli ruwa, ya kalli tayarsa, ya ce shi iyakarsa nan. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Na ji wani yana cewa ai akwai fili kusa da Yohanna a Keffi. Bulus ya tsaya da takalmin ofis cikin laka, ya rasa inda zai sa ido. Maman Bulus ta leƙo daga sama ta ce, "Bulus, sa a kawo babanka nan."

Na durƙusa a gaban kowa na rage iskar tayoyi huɗu. A raina na ce, Direba ka yafe, yau duk duniya ta gani. Samari takwas suka ɗaga akwatin gawar sama da kawunansu kafin ya shiga. Na ɗaure shi da igiyar da aka ɗaure ni, na ja sakata, na yi bisimilla na sa giya ɗaya. Ruwa ya kai rabin taya ya tsaya nan. Muka haura, ban tsaya ba sai da na ga ɗorawa.

Ya kwana a gida, gefen babansa.

Ni ba malami ba ne, addu'ata gajeriya ce. Allah, kai ka halicci Ayuba da taurin kansa, ka fi ni sanin sa. Ka sa ya huta inda ya so, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage, ka sa kowa ya isa gida ba a juyo da shi ba.

Da aka watse na je zan hau tsani, sai Maman Bulus ta dafa ƙofar baya tana kallon igiyar nan a kwance.

"Malam Idi, kai ka san bayan motar nan. Yaya hanya ta yi masa?"

Na sunkuya kamar ina duba taya.