Lauratu Mai Tafireta da Sibin Mati Direba

Kafin rana ta ɗaga, Hajiya Lauratu ta riga ta buɗe shagonta da ke kan hanyar tasha a Gumel. Takan fara da shara, ta yayyafa ruwa a ƙofa, ta fito da benci ta ajiye a inuwar darbejiya. Sannan ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta goge tabaraunta da gefen mayafi, ta yi bisimilla ta zauna. Idan akwai wuta, to madalla. Idan babu, sai ta leƙa ta roƙi mai facin da ke kusa ya ja mata janareta, don kafaɗarta ta daina yarda da wannan aikin.

Har yau Lauratu Mai Tafireta ake ce mata, ko da yake tafiretar ta daɗe da komawa ƙarƙashin tebur. Da ita ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, da ita kuma ta buɗe shagon. Tana buga katin biki, tana buga takardar cinikin gona. Amma abin da ke sa mutane su hawo mota daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, har da Ɗanzomo, shi ne sibi, takardar nan da mai neman aiki ke bayyana kansa a ciki: karatunsa, ayyukan da ya taɓa yi, da abin da ya iya. A wasu wuraren sibi ɗaya ce a ajiye, sai a goge sunan wani a sa naka. Ita ba ta yin haka. Kuma tana da wata doka da ba ta sauyawa: ba ta rubuta wa mutum sibi shi kaɗai, sai ya zo da ɗan rakiya wanda ya san shi.

In an tambaye ta dalili takan ce, "Mutanenmu kunya gare su. Ka ce da mutum me ka iya, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Haka aka rene mu. To shi mai ɗaukar aiki duba zai yi ya gano? Amma zaunar da wani a gefensa ka ji yadda magana za ta fito."

Bayan Babbar Sallah za ta rufe shagon. Idonta ya fara hazo, 'ya'yanta kuma sun matsa ta huta. Shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kanta tun tana ji da kunnenta. Labaran suna da yawa, amma na Malam Mati, maƙwabcinmu a Maigatari, shi muka gani tun daga farko har ƙarshe.

Mati direban babbar mota ne. Tun yana saurayi yake kan hanyar Damagaram, ya kai kaya ya kwaso kaya. Da aka rufe iyakar Nijar, mai motar ya gaji da ganinta a tsaye ya sayar da ita. Aka zo aka buɗe iyakar, amma Mati bai sake samun mota ba. Ya yi ta zaga tasha har ya fara jin nauyin gaishe da mutane. Daga ƙarshe wani abokinsa ya samo masa wuri a motar masu tafiya haƙar zinare can bayan Agadas, tafiyar da ake daɗewa ba a dawo ba. Mati ya amsa, amma zuciyarsa ba ta amsa ba. Mahaifiyarsa tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi yake ɗaga ta kullum da safe ya fito da ita tsakar gida ta sha iska, don matarsa Rahama ba ta iya ɗaukarta. In ya tafi, tsohuwa ta zauna a ɗaki ke nan.

Ana cikin haka aka ji wani kamfanin sayen riɗi na Kano yana neman direbobi, amma sai da sibi, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa. Motar Agadas kuwa a makon nan za ta tashi. Mati bai taɓa jin an nemi direba da takarda ba, ban da lasisi. Sai ya ari sibin ɗan wani abokinsa, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya nufi Gumel don a canza masa suna.

Hajiya Lauratu ta warware takardar, ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam Mati, ashe kana iyo?"

"Iyo kuma, Hajiya?"

"Ga shi nan a rubuce. Wai ba abin da kake so kamar karance-karance da iyo. A wane kogin Maigatari kake yi?"

"Ko kududdufi ban taɓa shiga ba."

"Kuma wai ka yi bautar ƙasa a Inugu."

Mati ya sosa ƙeya. "Na dai taɓa kai wake can."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau, amma ba irin dariyar da ke sa mutum ya ji ya muzanta ba, don shi ma sai da ya dara. Ta ce, "In sun zaunar da kai suka tambaye ka abin da ke ciki fa? Rigar wani ce wannan, ba za ta shige ka ba. Faɗa mini, me ka iya?"

"Tuƙi ne kawai."

"Sai me?"

"Shi ke nan fa, Hajiya."

"To je ka zo mini da wanda ya san ka."

A hanyar komawa Mati ya yi ta tunanin wa zai kawo. Rahama ko sunansa ba ta iya kamawa a gaban mutane, balle ta yabe shi. Tsohon maigidansa kuwa nauyinsa yake ji. Mutum ɗaya ne ya san shi ciki da waje, ga shi da babur, shi ne Ɗantsoho, dillalin awaki a kasuwar Maigatari. Matsalar ita ce taubashinsa ne, ɗan ƙanin mahaifiyarsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsiya ba, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Mati ya san in ya kai shi, ba abin da zai fito daga bakinsa sai tonon asiri. Amma Litinin ta matso, babu yadda zai yi.

Washegari suka iso. Ɗantsoho bai gama kafe babur ba ya fara.

"Hajiya, ke kika ce a kawo wanda ya san shi? To na san shi, bawana ne, kuma ni dai ban san wani alherinsa ba."

"Kin ji ko?" in ji Mati. "Don Allah a bar shi a waje ya yi gadin babur."

"Shigo ka zauna, Malam Ɗantsoho. Faɗi sharrin nasa, ina ji."

Ɗantsoho ya gyara zama kamar ya samu mai sayen akuya. "Na farko matsoraci ne. In ya taso daga Damagaram, mai jaki ya riga shi isowa. Tun yana yaron mota har ga shi da furfura, ko kaza bai taɓa takewa ba."

"Bai taɓa yin haɗari ba?"

"Ina zai yi haɗari, mota tana rarrafe?"

Yatsunta suka hau aiki. "Ci gaba."

"Ga rowa. Mota ta lalace a daji, maimakon ya kira makanike shi ma ya samu na tuwo, sai ya shige ƙarƙashinta da kansa, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya."

"Da gaske kana gyara, Malam Mati?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba ne. Birki, da famfon mai, da wuta."

"Ga iyayi," Ɗantsoho ya ci gaba. "Ki gan shi gaban jandarmomin Nijar yana bonjur bonjur, sai ki rantse a can aka yanke masa cibiya. Takardun kwastan namu da na can, duk shi ake bai wa ya duba, yana wani hura hanci."

"Kana jin Faransanci?"

Mati ya dubi ƙasa. "Na hanya ne kawai."

"Na hanyar suke nema, ba lacca za ka yi musu ba."

"Wanda ba zan yafe masa ba," in ji Ɗantsoho, yana nuna Mati da makullin babur, "na taɓa roƙonsa ya ɗora mini 'yan awaki a kan buhunan riɗi, hanya ɗaya fa. Ya ƙi! Wai fitsarinsu zai ɓata wa mutane kaya. Ni ɗan kawunsa!"

"Da na ɗora, da kai za ka biya riɗin?"

"Bawa yana mayar wa ubangidansa magana?"

Hajiya Lauratu ta ɗaga hannu. Ta tambayi Mati tun yaushe yake dakon riɗi, da yadda yake rufe shi in hadari ya taso, da ko an taɓa dawo masa da kaya don sun jiƙe. A nan bakinsa ya buɗe, don maganar kaya ce, ba tasa ba. Ta ce, "Wannan shi zai hau sama. Masu riɗi ne, abin da ya shafe su za su fara gani. Ba su da lokacin tono."

Da suka zo kan karatu, Mati ya yi ƙasa da murya ya ce ko za a ɗan sa masa sakandare. Ta girgiza kai. "Firamare ka yi, firamare za mu sa. Ƙarya ɗaya tana iya cinye gaskiyar da ke kusa da ita duka." Ta nemi lambar waya, ya karanto mata. Ta tsaya. "Wannan ai layin Nijar ne." Ya ce shi ya fi riƙewa a ka. Ta ce, "Su kira ka daga Kano a ce ba ka kusa? Kawo na gida, kuma kada ka bari caji ya ƙare." Sannan ta sa shi ya kira tsohon maigidansa nan take, ya nemi izini kafin a sa sunansa a matsayin wanda zai shaide shi. Mati ya fita waje yana ta jan ƙafa. Ya dawo fuska a sake, wai mutumin ya ce me ya sa bai neme shi tun tuni ba.

Shafi ɗaya ta fitar, ba ado, ba ƙari. Ta karanta masa, tana juya masa da Hausa layi bayan layi: direban babbar mota mai dogon aiki tsakanin Najeriya da Nijar, wanda ya ƙware a dakon riɗi da kula da shi, bai taɓa yin haɗari ba, yana gyaran mota da kansa a hanya, ya san takardun iyaka na ɓangare biyu, yana jin Faransancin aiki. Mati ya daɗe yana kallon takardar.

"Hajiya, duk wannan ni ne?"

"Ka ji ƙarya a ciki?"

"A'a."

"To wa zai zama in ba kai ba?"

Ɗantsoho ya tashi yana kakkaɓe riga. "Ni fa zaginsa na zo yi. Hajiya, kin cuce ni."

Ta sa takardar a ambulan babba, ta ce in ya ninke ta a aljihu ba ita ba shi. Haka suka koma Maigatari, Ɗantsoho yana tuƙi yana tsiya, Mati a baya ya rungume ambulan a ƙirji.

Mati ya miƙa takardar kafin a rufe karɓa. Ranar da motar Agadas za ta tashi, kamfani bai kira ba tukuna. Abokin da ya samo masa wurin ya zo har ƙofar gida yana cewa ya fito, wurin ba zai jira shi ba. Mati ya shiga ɗakin tsohuwa ya fito, ya ce su je, shi ya fasa. A waɗannan kwanakin Rahama ta ce ko abinci ba ya iya ci, waya tana hannunsa ko alwala zai yi. Sai ga kira daga kamfanin. Suka zaunar da shi, suka yi ta tambayarsa abin da ke cikin takardar, yana ba su amsa ba gargada, don duk abin da ya yi da hannunsa ne. Suka ba shi mota ya zaga, suka ba shi makulli. Yanzu riɗi yake kaiwa Kano ya dawo, yawancin kwanaki a gida yake kwana.

Hajiya Lauratu, ke ce kika san cewa mai kunya ma yana da abin faɗa, sai dai a nemo masa baki. Ke ce kike zama ki saurari direba yadda kike sauraron mai digiri, ba ki taɓa ƙara wa wani abin da ba nasa ba, ba ki kuma bari ya rage nasa ba. Mata nawa suka shigo shagonki suna rufe fuska da hijabi, suka fita da takardar da ta kai su aikin asibiti ko koyarwa? Ba ki riƙe lissafi ba, su ne suka riƙe. Uwar masu nema, mun gode. A gabanki ba zan iya faɗar wannan ba, shi ya sa na rubuta.

Ku kuma matasan da kuka buɗe shagunan kwamfuta, ku je ku zauna da ita kafin Sallah ku ga yadda take yi. Ku daina sa wa mutane rigar wani. Ku tambaya, ku saurara, ku rubuta gaskiya a gajarce. Mu sauran kuma, in ɗan'uwa ya ce mu raka shi mu faɗi abin da muka sani a kansa, kada mu ce ba mu da lokaci.

Allah ya ba idonki lafiya, Hajiya, ya sa ki huta cikin jin daɗi. Akwai wata addu'a da ake yi miki wadda ba ki sani ba. Duk yammar da aka ji ƙugin motar Mati ta tsaya a bakin layinmu, tsohuwarsa takan ɗaga hannunta mai lafiya ta ce, "Allah ya yi wa matar Gumel albarka." Ba ta san sunanki ba, ba ta taɓa ganinki ba. Mu kuma ta bayan katanga muna cewa amin.