Kibiyar da ta tsallake Goggo

Ɗiyata ta fari ba a gabana ta tashi ba. Da aka yaye ta, yayata ta ɗauke ta zuwa Ƙofar Atiku, kamar yadda ake yi a gidanmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zaman hira da ita ba. In ta zo gaisuwa, takalmina nake dubawa in amsa. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce. Haka na tarar mahaifinmu yana yi wa ita yayar tawa.

Ina da injin niƙa a Gidan Igwai. Da yarinyar ta yi nisa a karatun kwamfuta, malaminsu ya ba su aiki: kowa ya nemi wata sana'a, ya tambayi mai ita yadda saƙo ke tafiya daga mai kawo aiki zuwa mai yin sa, ya zana a takarda, ya gano inda yake lalacewa, sannan ya tsara gyara. Duk shagunan Sakkwato ba ta ga na zaɓa ba sai nawa.

Da hantsi suka sauka daga keke napep ita da Goggonta. Goggo ta sa aka jawo mata benci, ta zauna tsakaninmu kamar alƙali.

"Goggo, tambaye shi, in an kawo niƙa, ƙaƙa yaka sanin na wane gida ne?"

Na dubi bango na ce, "A ce mata muna gane kwano."

Goggo ta juya gare ta. "Ya ce sa'a ce kawai."

"Yaya, ban ce haka ba!"

"To faɗa mata da bakinka mana, ƙanena. Ko aro aka ba ka shi?"

Yarinyar ta rufe fuska da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa.

Gaskiya kuwa ana samun cakuɗa. A makon ma, geron kunun wata mai jego ya fita tsaki, garin tuwon wani gida ya tafi gidan maƙwabta, aka yi ta sallama ana musayar kwanuka. Yarinyar ta yi kwanaki tana zuwa ta zauna a gefe, gari na sauka mata a gira, tana zana 'yan akwatuna da kibiyoyi. Ranar da ta gama, ta yi wa Goggo bayani da murya sama, don mai duban bango ya ji.

"Matar gida ta ce a yi laushi. Wanda ta aika ya ce a niƙa kawai. Mai zuba hatsi bai ji komai ba saboda ƙarar inji. Duk bakin da saƙo ya bi sai ya rage wani abu."

"Ko ya ƙara," in ji ni, ga bango.

"Da ni kake?" in ji Goggo.

Gyaran da yarinyar ta kawo ba kwamfuta a ciki. Ta yanka tsohuwar jarka ƙanana, ta rubuta lamba bibbiyu iri ɗaya: ɗaya a ɗaure a kwano, ɗaya a ba wanda ya kawo. Jan zare tsaki, farin zare laushi. Ta ce sai tsari ya zauna kafin a yi zancen na'ura.

Sai malamin ya dawo mata da aikin. Ya ce a ƙa'ida muryar mai sana'a ake ɗauka a waya, shi kuwa abin da ya ji wata dattijuwa ce tana yi wa mai inji tsiya. In ba ta kawo muryata kafin Litinin ba, za ta maimaita darasin a shekara mai zuwa. Goggo ta aiko cewa ƙafarta na ciwo. A ranar an gan ta a gidan suna, tana tafiya garau.

Yarinyar ta zo ita kaɗai. Na kashe inji. Ban taɓa jin shagon ya yi shiru haka ba. Ta ajiye wayar a kan buhun dawa.

"Baba."

Na dubi belin inji. Na ga dai belin ba zai amsa ba.

"Na'am."

Ta yi tambaya, na ba inji amsa. Ta sake, na ba benci. Can da muka kai kan markaɗen masa da yadda masu tuya ke faɗa in ya yi ruwa, na tsinci kaina ina kwaikwayon muryarsu, tana dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina kallon ta. Ashe tana da wushirya irin ta mahaifiyata.

Ta ci darasin. Ta kawo mini zanen ƙarshe. A can ƙasa ta ƙara wani ɗan akwati da fensir, ta rubuta Goggo, ta ja kibiya ta tsallake shi kai tsaye zuwa akwatin mai inji.

Damina biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa, ɗiyar tawa ta rasu bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta.

Goggo ce ta sa aka tura mini hirar a wayata. Yawanci muryata ce, ina ta zancen gero. Ta yarinyar kaɗan ce. Har yau jan zare tsaki ne, fari laushi, kuma kwano bai sake ɓata hanya ba sai ranar da na manta na ɗaura.