Kyamarar Dattijuwa a Teburin Mai Gyaran Agogo

A bakin tasha, wata budurwa na jiran mai gyaran agogo ya sauya wa agogonta batir, sai ga wata dattijuwa da tabarau mai ɗaurin zare. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba. Da gani, ba ta taɓa ba kowa ita ba.

"Ɗana, 'yar tayar da ake murzawa fim ya matsa ce ta cije, shekara talatin ke nan. Hoton maigidana na ƙarshe na ciki."

Mai gyara ya murza, ta ƙi. Ya ɗiga mai, ta ƙi.

"Iya, ai wannan ta girme ni!"

Aikin agogo haske yake so, sai ya juya cikin rana ya ɓalle murfin kyamarar.

Budurwar ta san haske na ƙone fim, amma kunya ta riƙe mata harshe har ya zaro shi.

"Lafiyarta ƙalau, fim ne ya ƙare!"

Dattijuwar na murmushi, tana miƙa wuya. "To nuna min shi, ɗana. Ina yake?"