Jinin Yaran Da Na Bari A Firiza

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni 'yar Anka ce, mahaifina malami ne mai karantar da littattafai a zaure. A lokacin da abin ya faru ina ƙaramar malama a sashen haɗa magunguna na wata jami'a, ina kuma digiri na uku a ƙarƙashin wata farfesa dattijuwa. Bincikenmu a kan gubar dalma ne, wadda ke shiga jinin yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare cikin gida. Muna son mu san ko gubar tana dawowa bayan an yi wa yaro magani, muna kuma neman yadda za a haɗa maganin ya zama ruwa, yaro ya iya haɗiyewa, zafi bai lalata shi ba. Da yake ni mace ce kuma 'yar gida, ni kaɗai ke shiga har ɗakin matan aure. A wajen Tungar Daji da wasu ƙauyukan Bukkuyum iyaye sun miƙo mini 'ya'yansu na ɗebi jini, don sun san ɗiyar wane ce ni. Kowace uwa na yi mata alkawarin zan dawo in gaya mata abin da muka gani.

Sai dai aikin jami'a ya gajiyar da ni. Yau yajin aiki, gobe babu wuta, na'urar awo ta lalace an rasa mai gyara. Jinin yana ajiye cikin firiza, mu kuma muna jira. Ana haka na gabatar da aikina a wani taro, wani babba a wani kamfanin magunguna na Legas ya same ni, ya ce suna da duk na'urorin da nake mafarki, in zo sashensu na bincike mu kai maganin kasuwa. Farfesa ta ce in daure in kammala, ko in nemi hutu kawai, kada in ajiye aikin gaba ɗaya. Na ɗauka tsufa ne ya sa take tsoron sabon abu. Mahaifina bai hana ni ba, tambaya ɗaya ya yi, wa na damƙa wa amanar mutanen nan. Na ce masa ai don su zan tafi, kuma har zuciyata haka na yi imani.

Watannin farko kamar a mafarki. Wuta ba ta ɗaukewa, abin da na nema a kawo. Amma duk sanda na tayar da maganar maganin dalma sai a ce in bari tukuna. Daga baya shugaban sashen ya zaunar da ni, cikin mutunci, ya ce sun duba, masu buƙatar maganin nan ba masu iya saye ba ne, kamfani kuwa ba zai haɗa abin da ba zai fita ba. Aka ba ni aikin gyara ɗanɗanon wani sirof na ƙara cin abinci, a ji ya fi kama da lemo ko da ayaba. Shekara na zagayowa aka rage sashen binciken, aka mayar da ni talla. Ni da nake awon jini, na koma yawo kemis-kemis da jaka ina yabon sirof.

Ina cikin wannan hali Farfesa ta kira ni. Ta ce an shiga dogon yajin aiki, janareta ya tsaya ba wanda ya lura, firizar ta narke, jinin duka ya lalace. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da akwai wanda ke leƙawa da an kwashe shi, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta hawa benen da firizar take. Sake ɗiba ba zai yiwu ba, domin 'yan bindiga sun tarwatsa yawancin ƙauyukan, hanyar ma ba ta biyuwa. Ba da jimawa ba ta yi ritaya.

Da na je gida hutun Sallah, Inna ta ce wata mata tana ta zuwa nemana. Ashe ɗaya ce daga matan da na ɗebi jinin 'ya'yansu, sun gudo Anka suna zaune a wani kango. Ta shigo riƙe da hannun ɗiyarta da na ɗebi jininta. Yarinyar ta girma, amma ba ta haɗa magana, idonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, uwar ta ce takan faɗi tana karkarwa. Bayan mun gaisa ta ce, “Malama, mi kunka gani cikin jinin nata?” Na gaya mata gaskiya, jinin ya lalace kafin a auna. Sai ta naɗe wa yarinyar hannun riga, ta miƙo mini damtsenta, ta ce, “To ba komi, ki sake ɗiba. Yanzu ta bar jin tsoron allura.” Edita, ba ni da allura, ba ni da ɗakin awo, ba ni da inda zan kai. Na kwatanta mata asibiti, na ce zan yi magana da wani likita. Ta saukar da hannun rigar a hankali, ta yi mini godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Na nemi komawa jami'a, an ce babu gurbi. Digirin ya tafi. Har yau ina kamfanin, domin akwai ƙannen da nake ɗauke da karatunsu, kuma kullum na ɗauki jakar nan sai na ji kamar wata ce ba ni ba. Da na sake komawa gida na tarar matar ta bar kangon, ba wanda ya san inda suka nufa.

Ban ce aikin kamfani laifi ba ne, akwai waɗanda ya karɓe su. Amma 'yan'uwana masu bincike, kafin ku ajiye aiki ku tambaya dalla-dalla me za a sa ku yi, kada na'ura mai ƙyalli ta rufe muku ido. In kuwa kun karɓi wani abu daga jikin mutane, ku kammala, ko ku damƙa shi hannun da zai riƙe. Ni ban yi ko ɗaya ba. Ku sa yarinyar nan a addu'a, duk inda take.