Sitiyarin Doguwa a Ƙarƙashin Randa

A Gyadi-Gyadi in ka ce Malam Isyaku bakanike, za a tambaye ka wanne. In ka ce Isyaku mai Doguwa, ko baƙon jiya zai nuna maka hanya. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce, haƙƙina ne.

Doguwa mota ce. Imfala, 'yar Amurka, ƙirar 1964, tsawonta ya kai shagon tela biyu. Kawu Yusuf, mahaifin Isyaku, direban wani attajirin gyaɗa ne, da attajirin zai bar gari sai ya bar masa ita tukwici. Kawu ya hau ta har ƙarfinsa ya ƙare, ita ma nata ya ƙare. Da ya rasu aka zo rabon gado, aka rasa mai saye. Lokacin kowa Fijo yake so, wa zai ɗauki abin da ke shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas? 'Ya'ya bakwai, ba wanda ya yarda ya bar wa wani. Sai aka kira mai sufana aka raba ta kamar saniyar watanda. Wannan ya ɗauki ƙofofi, wancan kujerar baya, waccan fitilu. Isyaku shi ne auta, kuma bai iya musu ba, aka bar masa abin da ba ya ɗaukuwa: gangar jiki da inji.

Ya ja su zuwa bayan garejin da yake aiki, ya ɗora a kan duwatsu. Shekara ashirin yana gyara motocin mutane, kaji suna ƙyanƙyasa a cikin tasa motar. Rannan dai, furfura ta fara fito masa, ya tashi da safe ya ce sai Doguwa ta sake taka titi. Matarsa ta ce ciwo ne, zai wuce. Bai wuce ba.

Ya yi sintiri Ƙofar Ruwa har 'yan kasuwar kayan mota suka haddace tarinsa. Ashe komai na motar nan da taurin kai aka ƙera shi. Notinta ma ba ya jin sufanar garin nan, don Amurkawa da inci suke awo. Sai da ya samu Baba Nathaniel, wani tsohon bakaniken gwamnati ɗan Kagoro da ke zaune a Tarauni, mai akwatin sufanun inci tun na zamanin da. Baba Nathaniel ba ya ba da aron sufana. Sai dai ya biyo ta da kansa, ya zauna a kan benci, yana faɗa wa Isyaku cewa ba haka ake yi ba.

Abin da kasuwa ta kasa, gidajen dangi suka bayar. Nan ne muka sha kallo. Mutumin da ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, sai ga shi da goro da lemo yana tambayar lafiyar jikoki, alhali bai san sunan ko ɗaya ba. Kujerar baya a zauren Yaya Bashir ya same ta a Ƙauyen Alu, baƙi sun zaune ta har ta yi rami. Murafen wili guda huɗu matar yayansa Faruk ce ke shanyar kuɓewa a kansu. Ƙofa ɗaya kuwa akurkin awaki aka tare da ita. Ko'ina ya je sai ya zauna, ya ci tuwo, ya ji laifinsa na shekaru, sannan a ce ɗauki tsiyarka.

Gida ɗaya ne bai taka ba, gidan Yaya Hajara a Unguwa Uku, babbar yayarsu, wadda ta goye shi. Kuma ita ce da sitiyari.

Dalili kuwa, ranar ɗaurin auren 'yarta Nafisa aka nemi kawun amarya aka rasa. Wani ya yi masa waya cewa an ga kafireton Imfala a Fanteka, ya hau motar Kaduna da babbar rigar biki a jikinsa. Ya dawo bayan an kai amarya, da kafireton da ba ma na Doguwa ba. Hajara ta ce, “Tunda ƙarfe ya zaɓa, ƙarfe ya yi masa zumunci.” Shekara goma sha ɗaya ko a gidan makoki suka haɗu, ita ta kalli gabas, shi ya kalli takalminsa.

To bara, bayan Babbar Sallah, aka sayar da filin garejin za a gina shaguna. Sabon mai fili ya ce sati biyu, duk ƙarfen da ya kwana ranar Asabar ta biyu, na 'yan gwangwan ne. Su kuwa har sun fara zagaye, suna ƙwanƙwasa bodi suna kimanta nauyi da ido. A lokacin Doguwa ta yi fenti ruwan ƙwai, inji yana tashi, ham yana kuka. Sitiyari ne babu. Kuma ko da akwai, lungun gidan Isyaku ko adaidaita sahu sai ta rage ciki take shiga.

Ya gwada na Fijo, bai zauna ba. Ɗan Baba Nathaniel ya duba a waya ya ce akwai a Amurka, amma sai wata biyu. Isyaku ya ɗaure filaya a kan sandar sitiyarin ya ce zai gwada, ya kwashe bencin mai shayi da kwandon burodi. Aka ce a kira mota mai ƙugiya ta ɗauke ta, ya ce ba za a ɗauki motar ubansa kamar gawa ba, kuma a kai ta ina?

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na same shi zaune a ciki yana riƙe da iska.

Na ce, “Bawana, ina zuwa haka? Makka?”

Ya ce, “Rabi, ke dai ba kya tsufa da hankali.”

“Ni na san inda hankalina yake. Kai ma ka san inda sitiyarinka yake.”

“Ba za ta bayar ba.”

“Ka tambaya?”

Ya ci gaba da murɗa iskarsa. Na ce ya tashi ya wanke hannu, kuma kada ya sayi lemo, an gane wannan dabarar.

Muka tarar da Hajara a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta amsa sallamata, tasa kuwa ta amsa wa bango. A gindin bishiyar darbejiya ga randarta ta ruwan sanyi, zaune daram a kan wani farin zobe mai faɗin faifai biyu. Shekara talatin da ɗoriya sitiyarin Imfala yana aikin gammo.

Isyaku ya durƙusa. Idonsa na kan randa.

Hajara ta ce, “Rabi, wannan baƙon naki ƙishirwa yake ji ne? Tun da ya shigo randa yake gaisarwa.”

Ya ce, “Yaya, ina wuni.”

“Au, yana magana! Na zaci sai an murɗa masa makulli.”

“Yaya, na yi laifi.”

“Wanne daga ciki?”

“Na Nafisa.”

“Nafisa 'ya'yanta huɗu yanzu. Faɗi sunan ɗaya ka ɗauki abinka.”

Ya kalle ni. Na kalli darbejiya. Can ya ce, “Ban sani ba, Yaya. Ban san ko ɗaya ba.”

Hajara ta ajiye faranti. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa. Ta ce, “Na biyun sunansa Isyaku. Ni na hana a gaya maka. Sha, ka ga abin da sitiyarinka ya tsare.”

Ya sha, ya daɗe da moɗar a fuskarsa, har bayan ruwan da ke ciki ya ƙare.

Sannan ta kafa sharuɗɗa. Zai ƙera wa randa mazauni na ƙarfe kafin ya taɓa komai. Ita za ta zauna a gaba. Kuma motar a filin ƙofar gidanta za ta zauna, inda marigayi mijinta yake ajiye tifa, “don in bar ka da ita, sai ka sake ɓacewa shekara goma sha ɗaya.”

Ranar Asabar da hantsi Baba Nathaniel ya ɗaure notin ƙarshe da hannunsa, yana cewa ba haka ake yi ba, ko da yake shi ke yi. 'Yan gwangwan suna tsaye da kurarsu kamar an cinye musu layya. Doguwa ta hau Titin Zariya, Hajara a gaba ta gyara mayafi kamar matar gwamna, mu a baya cikin ramin da baƙin Yaya Bashir suka haƙa. Sitiyarin yana warin laka. Sau biyu ta mutu a hanya, sau biyu masu adaidaita sahu suka sauko suka tura, suna ɗaukar hoto.

Yanzu kullum bayan la'asar za ka ga Isyaku a Unguwa Uku da tsumma a kafaɗa. Ya ce mota yake zuwa dubawa. Hajara ta ce ita ma ba don shi take ƙara gari a tuwo ba. Ita dai randa, in ka tambayi Hajara, ruwanta bai ƙara yin sanyin da ba.