Wuyan Audu Bahago

A gidanmu na Bukuru, da damina ake samun bakin Kaka Hajjo. Ruwa zai wuni yana zuba, sanyi ya shiga ƙashi, da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kaskon wutarta tsakiyar ɗaki, ta tura dankali huɗu ko biyar cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ita ta haifi mahaifina. Gajeriya ce, mafaɗaciya, ga wayo: ba ta tono dankalin sai ta gama labari, don ta san in ta raba da wuri ba mai zama. Ni sunan mahaifinta aka sa mini, Abdullahi, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini, ko da zagina za ta yi.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk mun haddace su. Amma akwai wata guda da ba ta bayarwa sai ta ga dama, kuma tun daga buɗewa muke gane ta.

"Ga ta nan," za ta ce, "amma wannan da ƙafarta ta zo, ba wanda ya ƙirƙiro ta."

"Ta zo mu ji ta!"

"Kai Babana, janye ƙafarka daga wuta. Labarinka za a bayar."

Labarin mahaifinta ne, Audu Bahago. A zamanin Turawa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya zo aikin lebura a wani kamfanin haƙar kuza. Wata rana da yamma manajan kamfanin ya tarar da leburori suna buga ƙwallon tsumma a bayan bariki, ya tsaya yana kallon wani siriri mai buga ta da ƙafar hagu. Daga ranar Audu bai sake ɗaukar kwanon ƙasa ba. A takarda lebura ne, amma ƙwallo ce aikinsa, ita ake biyansa ya buga. Turawan kamfanoni suna gasa da junansu, kowa da 'yan wasansa, har a jirgin ƙasa ake ɗaukar su Audu zuwa Zariya da Kaduna. Kuma ba takalmi. Tsumma kawai yake naɗawa a idon sawu ya shiga fili.

"Ƙafar nan tasa," Kaka kan ce tana gwada faɗinta da hannu biyu, "kamar faifai. In ƙwallo ta zo wurinsa kwanciya take yi. Masu tallar ƙosai ba sa karɓar kuɗinsa. Ku kuwa me kuka iya? Fasa mini randa."

Sai ranar da aka haɗa su da sojoji. Su sojojin takalma ne a ƙafarsu, masu ƙusoshi a ƙasa. Akwai wani ƙato a bayansu, Audu ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, jama'a suka kwashe da dariya. Ya sake yi masa, har Turawan da ke zaune a rumfa suka dara. A na uku, ƙaton bai ko kalli ƙwallon ba. Ya ɗaga takalmi ya sauke a kan ƙafar hagun nan da dukan nauyinsa. Alƙalin wasa bai hura usur ba. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙashin a karkace ya haɗe.

A nan Kaka takan tsaya ta gyara gawayi, ko da bai buƙatar gyara.

Kamfani, wai don tausayi, ya ba shi kaki da sanda ya mai da shi mai gadin filin. A lokacin ba katanga, igiya ce ake zagayawa da ita, masu gadi su tsaya a cikinta suna fuskantar 'yan kallo don kada wani ya tsallako. Wato fili yana bayansu. Kaka tana ƙaramar yarinya ita ke kai masa kunu ranar wasa, ta rakuɓe kusa da ƙafarsa.

"Shekara goma sha biyu yana tsaye a bakin igiyar nan," in ji ta, "wallahi ko sau ɗaya bai waiwaya ba. A fuskokin mutane yake karanta wasan. Sai ya ce mini, Hajjo, sun ɓarar. In leƙa ta gefensa, sun ɓarar ɗin kuwa."

"To me ya hana shi juyawa, Kaka?"

"Zuciya! Ubana yana da zuciya. Ya ce filin da ƙafarsa ba za ta taka ba, idonsa ma ba zai taka ba. Ba irinku ba, a kore ku daga gidan kallo ku koma leƙe ta taga."

Daga nan sai ta ɗauki tsinke ta fara tono dankali, tana ƙarasa maganar ƙasa-ƙasa: wai duk ranar wasa in ya dawo gida wuyansa yakan sandare kamar taɓarya, ita ce ke shafa masa man kaɗanya. Wa ke sauraren wannan? Idonmu yana kan toka.

"Ƙurunƙus. Ga dankalinku, kowa ya nemi tabarmarsa."

Da labarin nan na girma, kuma na yi tinƙaho da shi ba kaɗan ba. In aka ɓata mini a makaranta ko a filin unguwa, sai in juya baya in harɗe hannu, wai ni jinin Audu Bahago. Na ɗauka mutumin ya ci Turawa da yaƙi ne ba tare da ya ce uffan ba.

Shekaru suka tafi, neman abinci ya kawo ni Doha, aikin gadi. Masaukinmu yana wajen Al Wakrah, mu shida a ɗaki, gado kan gado. Da korona ta zo, aikina ya koma tsayuwa a ƙofar wani babban kanti ina ɗora wa mutane na'urar auna zafi a goshi. A cikin wannan halin Kaka ta kwanta. Ba korona ba ce, tsufa ne kawai ya kai iyakarsa. Jirage sun tsaya, kuma ko an samu hanyar fita, ba tabbas a bar ka ka dawo. Ƙanwata Rabi ce ta kara mata waya a kunne wata ranar Juma'a, ina zaune a bayan masauki inda ake shanya kaya.

"Babana," ta ce, muryar ta zama siririya, "an ce duk duniya garinku za ta taru buga ƙwallo."

"Haka ne, Kaka. Amma da saura."

"Kana ciki?"

"Masu gadi dai dole a neme mu."

"To ka kalla da kyau. Ka buɗe ido ka kalla, har da rabon Baba."

Na yi dariya. Na ce, "Haba matata, shi da ya ce ba ya so?"

Ba ta taya ni dariyar ba. Sai tari, sannan ta ce, "Kai dai ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Kwana tara bayan nan ta rasu. Ban ɗauki makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Hoton kabari aka turo mini, na kalle shi a gadon sama, fuskata daure da takunkumi. Abin da ya rage tsakanina da ita shi ne alkawarin nan, kuma na riƙe shi da hannu biyu.

Da gasar ta kofin duniya ta matso aka kafe sunaye. Nawa ya fito a cikin masu tsayawa bakin fili, a wani filin wasa da ke Al Rayyan. Ba ƙofa ba, ba wurin ajiye motoci ba, bakin ciyawa! Na yi sujada a kan simintin masauki. Bashir, wani ɗan Gusau da ke kwana a gadon ƙasana, shi ma sunansa ya fito, ya dinga tsokanata.

"Malam Audu, ka ga masu kuɗi sun sayi tikiti, mu kuwa biyanmu za a yi mu kalla!"

Ranar horo shugaban aikinmu ya jera mu a gefen filin, ya kama kafaɗar na farko ya juya shi kamar randa.

"Baya ga fili, ido ga jama'a," ya ce. "Daga busa ta farko har ta ƙarshe. Akwai kyamara a kan kowannenku. Wanda ya juya, khalas, shi ke nan, a karɓi rigarsa a mai da shi wurin kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki. Yalla, maza!"

Na ji dariya ta kufce mini, irin wadda ba ta da daɗi. Bashir ya kalle ni ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, wani tsohon labari na tuna.

A wasan farko aka ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bashir ya waiwaya. Wallahi bai kai ƙiftawar ido uku ba. Kafin a dawo daga hutun rabin lokaci wani ne a tsaye a wurinsa. Mako guda ya yi yana jiran hukunci a ɗaki, sannan aka ba shi tikitin gida. Ni na taya shi ɗaure jaka. Ina ɗaurewa ina lissafin bakunan da ke jirana a Bukuru: matata, 'ya'yana biyu, mahaifiyata da maganinta, ga Rabi a makaranta.

Wasa na biyu da na uku na ce wa kaina akwai sauran dama. Na huɗu shi ne na ƙarshe da aka rubuta mini. Da la'asar aka yi shi, kuma wata ƙasar Afirka ce ke bugawa. Ina tsaye kusa da kusurwa. Ina jin numfashin 'yan wasa, ina jin ƙarar takalmansu a ciyawa, sau biyu ƙwallo ta daki allon talla da ke bayan ƙafafuna. Taku biyar ne tsakanina da abin da duniya ta taru kallo.

A layin gaba akwai wani dattijo mai ƙaton tumbi da ganga a hammata. Tun kafin a fara wasa ya ji na amsa sallamar wani da Hausa, ya washe baki, ashe ɗan zangon Hausawa ne daga Kumasi, ƙasarsu ce ke bugawa. Can wasa ya yi zafi, sai na ga fuskokin da ke gabana sun ɗage gaba ɗaya. Bakuna a buɗe, ba mai numfashi. Ba wanda ya gaya mini, amma na san wani ya tsinke da ƙwallo ta gefen hagu, yana tahowa ta bayana.

"Ɗan'uwa!" dattijon ya kwarma mini ihu. "Juya ka gani mana! Don Allah juya!"

Na ji kaina ya fara tafiya da kansa. Na ji muryar Kaka. Na ga Bashir a durƙushe yana danne jaka. Sai na cije, na kafa idona a kan gangar mutumin nan, na riƙe wuyana da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni. Filin ya fashe da ihu, aka watso mini ruwa daga sama, dattijon yana tsalle yana kuka. An ci. Ban gani ba.

A motar komawa masauki na so in jingina da taga, wuyan ya ƙi. Ya sandare tun daga ƙeya har kafaɗa. Na kai hannu ina matsawa, kuma a nan, tsakanin Al Rayyan da Al Wakrah, maganar da Kaka ke yi tana tono dankali ta dawo mini. Man kaɗanya. Duk ranar wasa, shekara goma sha biyu.

Me zai sandarar da wuyan mutumin da ba ya son kallo? Ashe kokawa yake yi da shi. Ashe duk ihun da aka yi a bayansa sai kan nan ya nemi juyawa, shi kuma ya danne, saboda akwai manaja a rumfa, kuma akwai Hajjo a gefen ƙafarsa da kwaryar kunu. Zuciyar da na yi ta taƙama da ita, tsoron kora ne. Sun karya masa ƙafa, suka ba shi sanda, suka sa shi ya tsare musu filin daga mutanen da suka yi masa tafi, kuma ko kallon bai samu ba.

Kaka ta sani. Hannunta ne ya shafa man. Ta ga ubanta a wulaƙance, ta ƙi ba mu shi a haka, sai ta ɗinka masa rigar girman kai ta sa masa a gaban jikoki. Sau ɗaya tak ta saki gaskiya, a waya, tana bakin mutuwa, ni kuma na yi mata dariya. Na ji haushinta a motar nan, ba zan ɓoye ba. Na fi jin haushin kaina. Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya, aka kai ni taku biyar da shi, na tsaya yadda ubanta ya tsaya.

Washegari da safe, kafin motar aiki ta zo, matata ta kira. Babbar 'yata, mai sunan Kaka, ta fizge wayar.

"Baba! Mun gan ka a talbijin, bayanka kawai! Zan gaya wa 'yan ajinmu kana cikin filin. Ka ga lokacin da aka ci?"

Amsar tana bakina a shirye, da daɗinta: ai babanki ba ya kallon irin wannan, babanki yana da zuciya. Na ji yadda za ta zauna daidai a kunnen yarinya, ta tafi makaranta da ita tana ɗaga kai. A lokacin na yafe wa Kaka, don na ɗanɗana abin da ta ɗanɗana. Amma ban iya faɗa ba.

"Ban gani ba, Hajjo," na ce.

"Me ya sa?"

"An hana ni juyawa. Amma na so in gani. Wallahi na so."

Sai ta ce, "To ni na gani. In ba ka labari?"

Direba yana ta danna oda a waje. Na zauna a bakin gadon Bashir, da ba kowa a kai, na riƙe wuyana da hannu ɗaya.

Na ce, "Ta zo mu ji ta."